Bashin da ke Wuyan Wanda ya Fito daga Jeji

A garinmu Balan akwai wani tsoho da na tarar ina yaro, wanda ya je Makka a ƙasa tun zamanin Turawa. In an idar da sallar lisha mu kan kewaye shi a ƙofar gida, ya yi ta zuba mana labarin hanya: yadda suka ratsa ƙasar Barno da Cadi, yadda ya tsaya tsinkar auduga a Jazira ta Sudan don neman guzuri, da daren da ƙishirwa ta sa shi tauna ganye. Akwai kuma wata tsohuwa da wanta ya tafi tare da shi, bai dawo ba. Duk sa'ad da labari ya kai ga wannan wa nata, sai Alhaji ya ce Allah ya yi masa cikawa a hanya, ya zarce zuwa maganar jirgin ruwa da Jidda. Mu yara ba mu taɓa damuwa ba, mu dai a kai mu Makka.

Wannan tsohuwa ce ta faɗo mini a rai bana, da na karanta littattafai biyu a jere, wato Robinson Kuruso na Daniyel Difo, wanda ya fito a Ingila a 1719, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka buga a 1934 bayan gasar da Hukumar Talifi ta shirya a Zariya. Tambayar da ta tsaya mini ita ce, mutumin da ya tsira daga halaka, ya dawo shi kaɗai da baki, shin akwai haƙƙin waɗanda ba su dawo ba a wuyansa?

Mu fara duba salo, don a nan maganar ta ke. Dukan littattafan nan biyu taurarinsu ne ke ba da labari da bakinsu. Kuruso na ba mu nasa bayan ya yi shekara 28 a tsibiri, Shaihu Umar kuwa yana zaune a Rauta, kusa da Bauci, almajiransa sun tambaye shi asalinsa. Wannan dabara tana da daɗi, amma tana da tarko. Tun daga shafin farko mun san mai maganar bai mutu ba, saboda haka hankalinmu duk ya koma kan yadda ya kuɓuta. Abin da ya ga dama shi za mu gani, abin da ya kau da kai daga gare shi kuwa ya ɓace ke nan.

To, me Kuruso ya ga dama? Jama'a, mutumin nan ma'aji ne. Ya lissafa mana duk abin da ya kwaso daga fasasshen jirgi, bindigogi da albarushi da akwatin kayan kafinta da ƙusoshi. Ya kafa gungume yana tsaga shi kullum don kada kwanaki su ɓace masa. Har baƙin cikinsa sai da ya raba gida biyu a takarda, sharri a gefe guda, alheri a gefe guda, kamar ɗan tireda mai duba riba. Amma abokan tafiyarsa da teku ta cinye, iyakar abin da ya tsinta nasu a gaɓa malafuna ne da hula da takalma biyu waɗanda ba su dace da juna ba. Ni a ganina babu alamar da ta fi waɗannan takalma nauyi a littafin duka, har da sawun ƙafar nan da masu nazari ke yawan ambata. Mutum biyu ke nan, kowa ya bar wari guda, ba a ko faɗi sunansu ba. Kuruso ya ambace su a layi ɗaya, ya koma kan neman wurin kwana.

Kada kuma a manta da abin da ya fitar da shi daga Barazil a 1659. Bayi ya tafi saye a gaɓar Afirka ta Yamma. Alhali shi kansa ya ɗanɗana bauta shekara biyu a Sale ta ƙasar Maroko, kuma yaron da suka gudu tare, Zuri, sayar da shi ya yi wa wani kaftin na Fotugal a kan azurfa 60. Da zazzaɓi ya kayar da shi a tsibiri ya shiga tuba, babban zunubin da ya tuna shi ne ƙin jin maganar mahaifinsa. Fataucin mutane bai shiga lissafin ba. Da ya sami ɗan'adam na farko bayan shekaru fiye da ashirin na kaɗaici, sai ya raɗa masa suna Jumma'a, ya koya masa ya riƙa kiransa ubangida. Ashe jeji ya koya masa gina tukunya da toya gurasa, amma bai koya masa tambayar mutum sunansa ba.

Tafawa Ɓalewa, wanda bai wuce sa'ana ba lokacin da ya rubuta nasa yana malamin makaranta a Bauci, ya bi wata hanya. Umar ba gwanin dabara ba ne. Yaro ne aka sace, kura ta cinye ɓarawon a daji ta bar shi. Daga baya guguwar rairayi ta binne ayarinsu a hamada, ya fita da rai. Ko ɗaya babu wayonsa a ciki, shi ma bai ce akwai ba. Jejin Difo gona ce mai jiran manomi. Jejin Ɓalewa kuwa wuri ne da bawa ke ganin iyakarsa.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda marubucin ya karya ƙa'idar salonsa da kansa. Umar ne ke magana, amma sai ga shi yana ba mu labarin abin da bai gani ba, wato wahalar mahaifiyarsa, wadda ta bar gida neman ɗanta, aka yaudare ta, ta faɗa bauta, aka ƙetara da ita Sahara ta Murzuk har Tarabulus, inda ta gan shi, ba da jimawa ba ta cika. Mai nazari zai iya cewa wannan rauni ne, ina yaro ya san duk wannan? Ni kuwa na ɗauke shi biyan bashi. Mai rai ya ba marigayiya aron bakinsa, ya ja gefe, ya bar ta ta cika shafuffuka.

Na san abin da za a ce mini, don wani abokina ya riga ya faɗa a ɗakin kwananmu. Wai wanda ya tsira ba shi ya kashe kowa ba, ajali ne, kuma tilasta masa tone abin da ya binne a zuci zalunci ne. Wannan magana tana da ƙarfi, ban kuwa raina ta ba. Akwai abin da in mutum ya gani, harshensa kan mutu. Sai dai akwai bambanci tsakanin wanda ya kasa magana da wanda ya yi shafi ɗari uku yana magana a kan awakinsa. Tun da ka zaɓi buɗe baki, ka zama shaida, shaida kuwa ba ta zaɓen abin da zai yi wa mai ita daɗi kaɗai.

Shi ma Shaihu Umar ban wanke shi sarai ba. Abdulkarim, Balaraben da ya ɗauke shi daga Kano ya kai shi Masar, ya riƙe shi kamar ɗa, ya sa shi karatu. Amma Abdulkarim ɗin nan fataucin bayi ya ke yi. Alherin da aka yi wa yaro guda ya rufe wa mai labari ido daga sauran da aka kora a ayari ɗaya da shi. Ba mu ji ya tuhumi ubangidansa ba, kuma waɗanda rairayi ya rufe, in ban da shi Abdulkarim, ba su fi masu takalman Kuruso samun ambato ba. Ko Ɓalewa ya bar wannan giɓi ne da gangan don mai karatu ya ji ƙaiƙayinsa, ko kuwa shi ma godiya ta rinjaye shi, ni da abokina har yanzu muna gardama.

Alhajin garinmu ya rasu ina aji biyu na sakandare. Da na je gida hutun da ya wuce, na tambayi mahaifiyata ko tsohuwar nan ta taɓa samun abin da ta ke nema. Ta ce wata rana da la'asar ta tare shi a zaure, ta ce, "Alhaji, ba na neman komai a wurinka. Ka dai gaya mini, an yi masa sutura?" Ya daɗe bai ce uffan ba, sa'an nan ya ce da rawaninsa ya naɗe shi, ya tona rami da hannu a gindin wata aduwa, kwana biyu kafin su isa rijiya. Ta ce ta gode, ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi.