Jikin Ɗan Adam a Wurin Mabiya Katolika

 Ya ƴan'uwa musulmi, tun zamanin Turawan Faransa akwai majami'ar Katolika a Dogon Dutsi, muna haɗuwa da mabiyanta a kasuwa da asibiti, amma kaɗan ne daga cikinmu suka san abin da suke faɗi game da jiki.

A wurinsu jiki ba rigar da rai ya ara ba ne, ɗakin ibada ne da za a tayar ranar ƙiyama. Fafaroma Yohanna Bulus na Biyu ya yi karatu 129 a kan wannan, daga 1979 zuwa 1984. Cikinsa ya nuna saduwa alkawari ce da jiki yake ɗauka, don haka mazinaci ya yi ƙarya da jikinsa ko da bakinsa bai furta komai ba. Wannan magana ta yi kusa da abin da muka sani, cewa jiki amana ne, gaɓɓai kuma za su yi shaida.

Inda muka rabu a fili yake. Limamansu ba su aure, kuma auren da ya tabbata ba ya mutuwa sai ɗaya ya rasu. Mu kuwa babu ruhubananci a Musulunci, aure shi ne garkuwa, saki halal ne ko da abin ƙi ne.

To, ga tambayar da ta dame mu a Lugu: idan aure ne garkuwarmu, me ya sa muka tsawwala kuɗinsa? Saurayi yana cin rani shekara uku a Nijeriya yana tara sadaki da kayan lefe, yarinya tana zaune tana jira, mu kuma muna kan mumbari muna yi musu wa'azin kamewa.