Tsakanin ɗalibin injiniya da yaron da ya yi wa ƙira, wa ke bin wani bashi?

A shekarar 1995, a jami'ar Purdue da ke jihar Indiyana ta ƙasar Amurka, wasu malamai biyu na sashen lantarki da kwamfuta, Leah Jamieson da Edward Coyle, suka kafa wani tsari mai suna EPICS. Manufarsa ita ce ɗaliban injiniya su rage ƙera abubuwan da ke ƙarewa bisa teburin mai jarrabawa, su rarrabu rukuni-rukuni, su yi wa makarantu da ƙungiyoyin garinsu aikin da waɗannan ba su da halin saye. Wasu rukunan suka ƙera wa makarantar firamare kayan gwajin kimiyya. Wasu suka ƙera wa yara naƙasassu kayan wasa masu aiki da lantarki, yadda yaron da hannunsa ba ya damƙa zai iya motsa su da latsa maɓalli guda. A 2005 Cibiyar Injiniyoyi ta ƙasar ta ba waɗannan malamai, tare da abokin aikinsu William Oakes, lambar yabo ta Gordon, kuma jami'o'i da dama sun bi sahunsu.

Duk wanda ya ji wannan labari zai ce alheri ne, kuma bai yi ƙarya ba. Sai dai alheri ne mai fuska biyu. Na'urar da aka miƙa wa yaro taimako ce a gare shi, amma a wurin ɗalibi darasi ce, maki ce, tsani ce zuwa takardar shaida da aikin albashi. Ɗan koyon wanzanci a kan wani yake koyon aski, kuma idan aska ta zame, ba jininsa ke zuba ba. Tun da haka ne, ya dace a tambaya: cikin su biyun, wane ne ya bayar, wane ne ya karɓa?

Al'ada ta riga ta yanke hukunci kafin a gama tambayar. Mai lafiya da ilimi shi ne mai kyauta, naƙasasshe shi ne mai godiya. A ɗauki hoto, a tafa, a watse. Illar wannan hukunci ba ta tsaya ga rashin adalci ba, har cikin ƙarfen na'urar take shiga. Wanda aka ɗora wa matsayin mai karɓar sadaka ba ya kushe abin da aka ba shi. Kunya ta hana shi cewa kujerar tana cin bayansa, ta hana malamarsa cewa allon ya fi ƙofar aji faɗi. Za su ce madalla, bayan baƙi sun tafi su jingine abin a lungu. Ɗalibi kuwa ya koma da zaton ya iya, alhali gaskiyar da yake bukata don ya zama injiniya an rufe ta da ladabi.

Tarihin rubutun makafi ya isa misali. A makarantar makafi ta Paris, wadda Valentin Haüy ya assasa a ƙarshen ƙarni na 18, ana koya wa yara karatu da haruffan boko masu tudu, manya-manya. Masu ido ne suka zaɓi wannan hanya, kuma ta yi musu kyau domin su ma suna iya karanta ta. Yatsa kuwa da ƙyar yake rarrabe lanƙwasar harafi, littattafan ga nauyi ga ƙaranci, yaro kuma ba ya iya rubuta nasa. A 1821 aka shigo da tsarin Charles Barbier na ɗigo-ɗigo, wanda gidansa guda ke ɗaukar ɗigo har 12. Wani ɗalibi, Louis Braille, ɗan mai ɗinkin kayan doki, wanda ya rasa ganinsa tun yana ƙarami bayan ya soke idonsa da wani kayan aikin mahaifinsa, shi ya gane inda cikas yake: ɗigo 12 sun fi ƙarfin kan yatsa, sai ya yi ta yawo kafin ya tattara harafi ɗaya. Ya mai da su 6, waɗanda ke ba da siffofi 63, ya buga tsarinsa a 1829 yana da shekara 20. Hukuma ba ta amince da shi ba sai a 1854, shekara biyu bayan rasuwarsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Abin mamaki shi ne yawan shekarun da masu gyaran rufi kan ɗauka kafin su tambaye shi.

Ke nan yaron da ake yi wa ƙira yana riƙe da wani sani da babu shi a littafin jami'a, kuma idan ya buɗe shi ga ɗalibi, ya koyar da shi. Ya ba da lokacinsa, ya bari an auna jikinsa, ya jure gwaji na farko da na biyu da ba su yi ba. Wanda ya yi haka ba almajiri ba ne a bakin ƙofa. Yana bin bashi.

Da me ake biyan wannan bashi? Ba ranar biki ake biyansa ba, ranar da na'ura ta lalace ne. Shekarar karatu wata tara ce ko goma, naƙasa kuwa ba ta san hutu ba. Ɗalibi ya gama ya tafi wani gari, waya ta tsinke, batir ya mutu, babu wanda ya san yadda aka haɗa abin. Yaron da ya saba faɗin bukatarsa da na'ura, aka wayi gari ta yi shiru, bai koma inda yake a da ba: ya koma ƙasa da nan, domin yanzu ya san abin da ya rasa. Manyan ƙungiyoyi ma sun faɗa wannan rami. Famfon nan na PlayPump, wanda aka ƙirƙiro a Afirka ta Kudu don yara su riƙa jawo ruwa suna wasan lilo mai juyawa a filin makaranta, ya samu alkawarin dala miliyan 16 da ɗoriya a Amurka a 2006. Daga baya aka tarar yara na gajiya, mata ne ke tura shi da hannu, kuma idan ya lalace, sabanin famfon hannu, mutanen ƙauye ba su iya gyara shi da kansu. A 2010 ƙungiyar da ke yaɗa shi daga Amurka ta naɗe tabarmarta.

A nan ne hikimar masu tsarin Purdue ta fito, kuma ba a cikin na'urorin take ba. Sun gina rukuni yadda zai fi kowane ɗalibi daɗewa: ƴan shekarar farko da ƴan shekarar ƙarshe a haɗe, manya na fita ƙanana na gadon aikin, huldar rukuni da makaranta tana ɗaukar shekaru. Wato alkawarin ba na saurayi ɗan shekara 20 ba ne, na jami'a ne. Hakan ya amsa wata suka mai ƙarfi da ake iya yi, cewa idan aka tsananta sharuɗɗa, matasa za su ja da baya, yara su rasa ko da ɗan abin da suke samu. Ba a nemi ɗalibi ya zama gwani ba, ba a hana shi kuskure ba. Malaminsa ne aka hana ya tura shi gwaji a jikin ɗan wani sannan ya juya baya.

Batun bai yi nisa da Nijar ba, inda lise na fasaha na Maraɗi, da makarantar EMIG ta Yamai, da jami'o'in da aka kafa a Maraɗi, Tawa da Damagaram a 2010 ke yaye matasa masu hannu, ga kuma makarantun makafi da na kurame da ajujuwan da ba su da kayan gwaji. Kuma akwai malami a bakin titi: keken guragu mai ƙafa uku da masu walda ke haɗawa. Ba ya burge ido, amma sarƙarsa da tayarsa na keke ne, kowane mai faci na iya taɓa shi, shi ya sa yake shekaru yana tafiya. Daraktan makarantar da ɗalibai suka zo masa da tayin na'ura yana da haƙƙin ya zaunar da su gaban yaron da iyayensa kafin a yanka ƙarfe, ya tambayi a wace kasuwa ake sayar da kayan gyaranta, wa zai riƙe zanenta idan sun tafi, da sunan malamin da za a kira. Ya kuma nemi a rubuta ranar da za a dawo a buɗe ta, bayan hunturu ya wuce da ƙurarsa.