Ma'aikatan jinya, lokacin digiri na biyu ya yi

Da ku nake, masu kwana a tsaye a ɗakunan shan magani na Kwatarkwashi da asibitocin Bunguɗu da Tsafe, da ku da ke aiki a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Yariman Bakura a Gusau. Ku tashi ku nemi digiri na biyu, wanda ya samu kuma ya zarce zuwa digirin digirgir. Ƙarin girma da albashi haƙƙinku ne, amma akwai abin da ya fi su: amsar matsalolin lafiyar Zamfara tana hannunku.

Ku duba rajistar awon ciki da kuke cikewa kowace rana. A ciki akwai sunan ƙauyen mace, da watannin cikinta ranar da ta fara zuwa, da awon jininta, da ranar da ta daina zuwa. Ungozomar da ta shekara goma tana wannan rubutu ta san ƙauyen da matansa ba sa isowa sai jijjiga ta kama su, ta san watan da tamowa ke cika gadajen yara. Sai dai sanin yana cikin kanta, kuma ba a tsara kasafin kuɗi da abin da ke cikin kai. Karatun bincike shi ke koya mata yadda za ta tsara tambaya, ta ƙirga, ta gwada, ta rubuta hujjar da kwamishina ba zai iya kawar da kai daga gare ta ba.

Mun ga amfanin wannan a 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Bincike ne ya gano cewa duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje su ne sanadi, sannan aka kwashe gurɓatacciyar ƙasa aka fara ba yara magani. Ƙungiyar likitoci ta MSF da masana daga waje sun yi ƙoƙari, Allah ya saka musu. To amma sanƙarau da ya ɓarke a jihar nan a ƙarshen 2016 fa, da amai da gudawa da ke dawowa da damina? Ina so in ga sunan 'yar Kwatarkwashi a saman takardar binciken da za a kafa hujja da ita, domin ita ce uwa za ta gaya wa gaskiyar abin da aka ba yaro a gida kafin a kawo shi.

Hanyar a buɗe take. Tun 1965 Jami'ar Ibadan ta fara ba da digiri a fannin jinya, yau kuma ba sai an je kudu ba. Mai takardar makarantar jinya ta Gusau zai iya yin digirin farko ta Buɗaɗɗiyar Jami'a yana bakin aikinsa, daga nan ya nufi Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ko Bayero ta Kano don karatun gaba.

Akwai wuya, ba na ɓoyewa. Ga aikin dare, ga yara, ga kuɗin makaranta, ga fargabar hanyar Gusau zuwa Funtuwa. Amma wanda ya iya sa wa jariri ruwa da hasken tocila bai kamata lissafin bincike ya ba shi tsoro ba. Magidanta, ku bar matanku su tafi. Shugabannin asibiti, ku sa hannu a takardar hutun ƙaro karatu.

Ke kuma 'yar'uwa, kada ki jira sai an ba ki gurbi. Ki zaɓi tambaya ɗaya da ta daɗe tana damunki a ɗakin haihuwa, ki rubuta ta a shafi guda, ki nemi izinin hukumar asibiti kafin ki taɓa bayanan marasa lafiya, sannan ki kai wa wata malama a sashen jinya ta duba miki kafin a fara sayar da fom na bana.