Halin Mai Bi a Zango da a Bakin Kogi

Ya kai mai karatu, ko ka riga ka soma bin Ubangiji Yesu, ko kuwa kana cikin bincike tukuna, ga wata magana a kan tafiya. Sa'ad da kaka ta wuce, aka zuba gero da dawa a rumbu, samari sukan so su fita su ga ƙasa. Wannan ba laifi ba ne, gama Ubangijinmu da kansa ya yi yawancin tafiyarsa a ƙasa, yakan kuma janye zuwa inda ba kowa domin addu'a. Amma ka lura da abu guda. A Kanya Babba kowa ya san ka, ya san mahaifinka, kunya kuwa takan tsare mutum daga abubuwa da yawa. A zango mai nisa ba wanda ya san sunanka. Can ne za a gane ko sabon halin da ka ce ka samu na gaskiya ne, ko kuwa riga ce ta ranar Lahadi.

A ce kun yi shawara za ku tafi Baturiya, can gabas, bayan Gumel da Haɗeja, a ƙasar Kirikasamma. Wurin dausayi ne na kogin Haɗeja, wanda ruwan kogin Kano da na Challawa suke haɗuwa su zama shi. Daga nan ya gangara ya gamu da kogin Jama'are, su nufi tafkin Chadi. Hukuma ta keɓe wurin domin tsuntsaye da namun daji, a shekarar 2008 kuma aka sa shi cikin jerin dausayoyin da duniya ta yi alkawarin kiyayewa, bisa ga yarjejeniyar Ramsar. Da sanyin hunturu za ka ga dinya da kirinjijiya da zalɓe, tare da waɗansu tsuntsaye da suka taso daga Turai, suka ƙetare hamada, suka sauka nan. Ba su da guzuri, ba su da jagora, Allah kuwa ya kawo su. Yanzu ka ji yadda ya kamata ka yi a irin wannan wuri.

Na fari, ka shiga da sallama. Dajin da kake gani kamar ba na kowa ba, gonar wani ne, makiyayar wani, wurin sun wani. Ka je wurin masu tsaron gandun ka nemi izini, ka biya abin da aka yanka ba tare da dabara ba, ka gai da mai gari, ka tambaye shi inda za ku sauka. Baƙo makaho ne ko da yana da ido. A Littafin Lissafi sura 20 an ba da labari yadda Musa ya aika wa sarkin Edom yana roƙon hanya, ya yi alkawari ba za su ratsa gonaki ba, jama'arsa kuma suka ce ko ruwa suka sha za su biya. Idan babban taro irin wannan ya roƙi hanya, kai da abokanka biyar fa? Ka bi turba, kada ka tattake shinkafar fadama, kada ka taɓa ragar masunci ko da ba ya nan.

Na biyu, ka kiyaye wuta. Da rani ciyawa busasshiya ce, iska kuma tana da ƙarfi. Garwashi ɗaya ya isa ya cinye abincin garken shanu na wata da watanni. Littafin Fitowa sura 22 ya ɗora biyan hasara a kan wanda ya kunna wutar da ta ci hatsin maƙwabci, ko da bai yi nufi ba. Saboda haka ka share wurin murhu, ka tsinci itacen da ya faɗi, kada ka sari ɗanye. Kafin ku tashi ka zuba ruwa, ka rufe da ƙasa, ka sa hannu ka ji toka ta huce.

Na uku, ka ji tausayin abin da ke da rai. Allah ya sa mutum na fari a cikin gona domin ya noma ta, ya kuma kiyaye ta. Amana ce aka ba shi. A Kubawar Shari'a sura 22 an hana wanda ya tarar da sheƙa ya kama uwar tsuntsu tare da 'ya'yanta, domin kada irin ya ƙare. A gandun da aka keɓe kuwa ba a farauta ko kaɗan: ka bar danƙo da tarko a gida. Ka sani ruwan wannan dausayi ya ragu tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, gama ambaliyar da takan cika fadamu ba ta kai yadda take a dā ba. Manomi da makiyayi da masunci da tsuntsu duka suna rabon abin da ya saura. Bai kamata baƙo na kwana biyu ya ƙara musu asara ba.

Na huɗu, ka tsare tsabtar zango da ta ruwa. Kubawar Shari'a sura 23 ta umarci jama'ar Allah su keɓe wuri a bayan zango, kowa ya haƙa rami ya rufe bayan gidansa, domin Ubangiji yana tafiya a tsakiyarsu. Ka yi haka nan, nesa da gaɓa, gama akwai ƙauyen da zai sha ruwan nan gobe. Leda da gwangwani ka koma da su cikin jakarka. Ka kuma kula da jikinka, wanda ba naka ba ne kai kaɗai. Ka tafasa ruwan sha, ka ɗaura gidan sauro. Kada ka yi wanka a kwantaccen ruwa inda katantanwa take, gama daga jikinta ne tsutsar tsargiya take fita ta huda fata. Wanda ya ga jini a fitsarinsa ya tafi asibiti, akwai magani. Idan za ku haye, kada ku matsa wa mai fito ya ɗauki fiye da abin da kwalekwalensa zai iya.

Na biyar, ka kula da abokan tafiya. Mai sauri ya jira mai rauni, mai guzuri ya tuna da wanda nasa ya ƙare. Bakinka ya zama a daji yadda yake a majami'a. Idan maƙwabcinka Musulmi yana tare da ku, lokacin sallarsa ya yi, ka tsare masa kayansa, ka yi shiru har ya idar. Kai ma kada ka ji kunyar addu'arka. A Ayyukan Manzanni sura 16, a bakin kogi ne bayan garin Filibi Bulus ya sami masu addu'a, a nan kuma Ubangiji ya buɗe zuciyar Lidiya.

Ya ɗan'uwa, Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Raɓa takan tafi da hantsi, ba ta bar kome a bayanta sai laima mai amfani. Mutanen da ka sauka a ƙasarsu ba za su tambaye ka abin da ka haddace ba. Bayan tashinka za su zo su duba zangonka: ko toka ta mutu, ko gaɓa da tsabta, ko sheƙa tana nan. Da abin da suka tarar za su auna sunan da kake ɗauke da shi, su kuma auna 'yan'uwanka da za su zo a bayanka. Ka roƙi Ubangiji ya ba ka hali ɗaya, a gida da daji, ya kai ka lafiya, ya komo da kai lafiya. Amin.