Ruwan Inabi da Burukutu: Ina Bambancinsu?

A wani ƙauye na ƙasar Tudun Wada, bayan an tashi daga Jibin Ubangiji, wani dattijo ya tare ni da tambaya. Shi haifaffen gidan Maguzawa ne, uwarsa kuwa ta yi suna wajen dafa giya. Ran da ya karɓi Almasihu ya bar sha. Ya ce, "Malam, kun hana mu burukutu, mun bari. Ga shi kuwa ka karanta mana Yesu ya mai da ruwa ya zama ruwan inabi a Kana, har uban biki ya yabe shi. Ashe giyar Yahudawa halal ce, tamu kaɗai ce haram?" Na ce, "Baba, ka ba ni kwana biyu."

'Yan'uwa, kada mu sallami irin wannan mutum da ƙarya. Waɗansu masu wa'azi sukan ce abin da aka sha a Kana ruwan 'ya'yan itace ne kawai, ba ya bugarwa. Ni ban yarda ba. Nuhu ya sha ya bugu. Bulus ya tsauta wa Korantiyawa domin waɗansunsu suna buguwa a wurin Jibi. Sai a 1869 wani likitan haƙori na Amurka, Thomas Welch, ya bi dabarar Louis Pasteur ya dafa ruwan inabi domin kada ya tsimu, ekklesiyoyi da yawa kuma suka koma ga nasa.

To, yaya ake yin jan ruwan inabi mai kyau? Yawancin baƙin inabi, in an matse shi, ruwansa ba ja ba ne. Launin yana cikin fatar. Saboda haka akan murƙushe 'ya'yan, a bar ruwa da fata da ƙwaya tare mako ɗaya har zuwa uku, yisti yana cin zaƙin yana mai da shi barasa. Fatar takan ba shi ja, ta kuma ba shi bauri irin wanda goro yake bari a baki. A ƙasar Bordo ta Faransa sukan ɗura shi cikin gangunan katako masu cin lita 225, ya yi shekara ɗaya ko biyu, kāna a zuba a kwalba. Wani sai ya shekara goma kafin baurin ya kwanta. Masu shi ba su sha da ciki wofi. Sukan haɗa shi da naman rago ko na sa, gama kitse yana tausasa baurin, baurin kuma yana wanke maiƙon baki. Abokin abinci ne a wurinsu, kamar yadda yaji yake abokin tsire.

Duk wannan gwaninta ce, ban kuwa ga dalilin musunta ba. Amma uwar dattijon nan ita ma gwana ce. Takan jiƙa dawa, ta bar ta ta tsira, ta shanya, ta niƙa, ta dafa, ta tace, ta san ranar da tulu ya nuna ta wurin ƙanshi kawai. Da giyarta ake kiran gayya, da ita ake biki. Ga kuma abin da ba mu cika faɗi ba: jan ruwan inabi yakan kai kashi 12 zuwa 14 cikin ɗari na barasa, burukutu kuwa bai kai rabin wannan ba. In ƙarfi ne ma'auni, ta Turawa ta fi tamu laifi.

Ashe bambancin ba cikin tulu yake ba. Ladabin tebur kuma bai tsare Faransa ba, gama a 1956 sai da gwamnatinsu ta hana ba yara 'yan ƙasa da shekara 14 ruwan inabi a wurin cin abinci na makaranta.

Me ya sa fa iyayenmu cikin bangaskiya suka bari? Domin sun ga abin da ta yi. Dawar da za ta kai gida ga kaka ta ƙare a tulu, a tsakiyar damina rumbu wayam, maigida yana ƙodago a gonar wani tasa kuwa ciyawa ta cinye. Mata sun san sauran labarin, ba sai na faɗa ba. Mutumin da aka fisshe shi daga wannan, in ya ga dattijon ekklesiya riƙe da kwalbar Faransa yana cewa tasa mai daraja ce, me zai hana shi komawa ga ƙwarya? Wannan ne nufin Bulus cikin Romawa sura 14: abin da ya halatta gare ka yana iya zama tuntuɓe ga ɗan'uwanka, ɗan'uwan kuwa ya fi abin sha tsada.

Akwai kuma maƙwabta. Daga Bebeji har Doguwa muna zaune tsakiyar Musulmi, shari'a tana aiki a Jihar Kano tun 2000, da yawa kuma har yanzu suna zaton Kirista da mashayi abu ɗaya ne. Amma a nan ina jan kunnen kaina. Wanda ya bar giya domin kawai a ce da shi mutumin kirki a kasuwar Kiru, yabon mutane yake nema. Wanda kuma ya bari sa'an nan yana raina mai bi na wata ƙasa da yake kurɓa tare da abincinsa, ya ƙara doka inda Ubangiji bai sa ba.

Na koma na gaya wa dattijon duk wannan. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Wato da ka ce haram, nufinka ta fi ƙarfinmu." Na ce kusan haka ne, Baba. Ya ce da an faɗa musu haka tun fari, da ƙanensa bai fita daga ekklesiya ba ran da ya iya karatu ya tarar da labarin Kana da kansa. A ƙauyen nan zoɓo ake zubawa cikin ƙoƙon Jibi, dattijon ne kuwa yake nomansa a gefen gonarsa.