Zango a Tsibiri: Misalin Gazali da Hukuncin Matafiyin Teku

Tsibirin da jirgin ruwa ke yada zango a kansa tsohon misali ne a wurin malaman zuhudu, wato masu koyar da rage kwaɗayin duniya, kuma Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekarar 1111, ya kawo shi a cikin Ihya'u Ulumiddin a babin zargin duniya. A misalin nasa matuƙi ya sauke mutane domin su biya buƙata, ya kuma gargaɗe su kada su daɗe. Waɗansu suka komo da wuri suka sami wurin zama mai yalwa, waɗansu suka tsaya kallon furanni suka tarar da wuri ya ƙuntata, waɗansu suka kwaso duwatsu masu ƙyalli da suka zame musu kaya a wuya, sauran kuwa suka kutsa cikin kurmi har jirgi ya tashi ya bar su. Misalin yana da ƙarfi, sai dai tsibirin da ke cikinsa babu kowa a kansa, alhali tsibiran da jiragen Musulmi suka riƙa tsayawa a Tekun Indiya suna da mazauna, kuma da zarar an sa mutane a cikin lissafi, tambayar takan tashi daga yawan abin da matafiyi ya kwasa ta koma kan haƙƙin da ya ɗauka.

Fiƙihu ya fi misalin kusantar wannan tambaya, domin ya tilasta wa kansa tantance lokacin da matafiyi ke daina zama matafiyi. Ƙasaru, wato mayar da salla mai raka'a huɗu zuwa raka'a biyu, rangwame ne ga wanda ya nufi tafiyar mil 48 ko fiye, kuma a mazhabar Malikiyya yana yankewa idan mutum ya yi niyyar zaman cikakkun kwanaki huɗu a wuri guda, yayin da Hanafiyya suka kai adadin kwana 15. Abin lura shi ne niyya ce ke yanke shi, ba daɗewa ba, ta yadda wanda ke jiran wata buƙata yana cewa yau ko gobe zai iya shafe watanni yana ƙasaru. Muhtasar na Shaihu Halilu, littafin da har yau ake karantawa a zaurukan malaman Kano da Zariya, bai manta da mutanen teku ba, domin ya halatta ƙasaru ga ma'aikacin jirgi ko da iyalinsa suna tare da shi a ciki, saɓanin Hambaliyya da ke ganin irin wannan mutum jirginsa ne gidansa. Amma littafin ya ƙara sharaɗi guda biyu da suka shafi zangon tsibiri kai tsaye. Na farko shi ne sanin da al'ada ta tabbatar yana tsayawa a matsayin niyya, kuma tun da iskar Tekun Indiya tana kaɗawa daga arewa maso gabas kusan daga Nuwamba zuwa Maris, sannan ta juya daga kudu maso yamma a watannin da ke biye, matuƙin da ya rasa iskarsa ba zai ce bai san zai wuce kwana huɗu ba. Na biyu kuwa shi ne shiga garin da mutum yake da matar da ya riga ya tare da ita yana yanke hukuncin tafiya nan take, ko da guguwa ce ta jefa jirginsa can ba da son ransa ba.

Tsibiran Maldibs, waɗanda suka haura dubu a kudu maso yammacin Indiya, su ne inda aka ga wannan sharaɗi na biyu yana aiki a zahiri. Ibn Baɗuɗa, mutumin Tanja da aka haifa a 1304, ya isa can a ƙarshen 1343 a kan hanyarsa ta zuwa Sin, ya tarar da mutanen suna bin mazhabar Malik a ƙarƙashin Sarauniya Khadija da mijinta waziri Jamaluddin. Jirage suna zuwa ne domin busasshen kifi da igiyar ɓawon kwakwa da wuri, wanda Ibn Baɗuɗa ya ce ana sayar da 400,000 nasa a kan dinari guda, alhali daga baya ya gan shi a Mali da Gawo ana ba da 1,150 kacal a kan dinarin. Shi ne wurin da ya zama kuɗin kasuwannin ƙasar Hausa ƙarnoni bayan haka. Ibn Baɗuɗa ya kuma bayyana cewa aure a tsibiran yana da sauƙi saboda ƙarancin sadaki, cewa ma'aikatan jirage kan yi aure idan sun sauka su saki idan za su tashi, domin matan ba sa barin ƙasarsu, shi da kansa kuma ya kamanta abin da auren mutu'a, wato auren da ake ɗaurawa zuwa wani ajali, wanda mazhabobin Sunna huɗu suka haramta. Malikiyya dai suna inganta auren da miji ya ɓoye niyyar rabuwa a zuciyarsa matuƙar ba a ambaci ajali a wurin ɗaurin aure ba, don haka ta fuskar shari'a auren ya tsaya, ko da yake kowa a bakin gaɓar ya san watan da iska za ta juya.

A nan ne abin da ake ɗauka dabara ke juyawa kan mai yin ta, domin auren da baƙo ya ɗaura don ya sauƙaƙa wa kansa jiran iska shi ne ya mayar da tsibirin gida a gare shi a idon fiƙihu, ya ɗora masa cikakkiyar salla da ciyarwa da tufatarwa, ya kuma jingina masa duk ɗan da aka haifa. Ibn Baɗuɗa bai tsaya a auren mace ɗaya ba, sai da ya cika huɗu, waɗansunsu daga gidajen masu mulki, ya karɓi alƙalanci, ya sa a riƙa dukan masu barin sallar Juma'a, ya hana matan da aka saka ci gaba da zama a gidajen tsofaffin mazansu, ya kuma yi ƙoƙarin tilasta wa mata rufe jiki bai yi nasara ba. Mutumin da ke gyara al'adun gari da bulala yana aikin mazauni ne, amma da ya saɓa da waziri a 1344 sai ya ajiye muƙamin ya rabu da matansa, ɗaya tana da juna biyu, ya nufi Sarandib, wato Siri Lanka ta yau, domin ziyarar dutsen da ake danganta sawun da ke kansa da Annabi Adamu.

Da ma'aunin misalin Gazali kaɗai za a auna shi, da sai a ce ya yi daidai, tun da ya amsa kiran matuƙi bai bar tsibiri ya riƙe shi ba. Kuma wannan shi ne haɗarin karanta misalin ba tare da sauran koyarwar mai shi ba, domin Gazali ɗin ne ya keɓe babi guda a Ihya'u kan ladubban aure da haƙƙin iyali. Ana iya zubar da duwatsu da furanni a bakin ruwa ba a zalunci kowa ba, amma wanda ya bar mace da ciki ya sauke nauyinsa ne a kan wani. Ibn Baɗuɗa ya sake komawa Maldibs bayan ya ji an haifa masa ɗa namiji, da nufin ya tafi da shi, sai uwar yaron ta kai ƙara wurin sabon waziri, shi kuma da aka kawo masa yaron ya ga zamansa a wurinsu ya fi, ya mayar musu da shi. Kwana biyar ya yi a wannan karon, sannan ya hau jirgi zuwa Bangal.