Ɗalibin Jinya da Neman Aiki Kafin Kammala Karatu

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya jarrabi bayinsa da cuta, kuma ya sanya sanin magani a hannun wanda ya so daga cikinsu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, akwai tambayar da iyaye da ɗalibai suke yawan kawo mana: ɗalibin da yake koyon aikin jinya, bai kai ga karɓar takardar shaidarsa ba, shin ya halatta ya fara neman aiki a asibiti tun yanzu?

Dalilin tambayar a fili yake. A da, makarantar kiwon lafiya ta gomnati, wato ENSP ta Yamai da ta Damagaram, ita ce babbar ƙofar wannan aiki. Daga baya makarantu masu zaman kansu suka yawaita a Yamai, da Maraɗi, da Tawa, da Damagaram, masu takardar shaida suka fi guraben aikin gomnati yawa. Uba ya sayar da gero ko sa ya biya kuɗin karatu na shekara uku, yana ganin ɗan maƙwabcinsa da ya gama tuntuni har yanzu yana aikin sa kai babu albashi. To, dole hankalinsa ya tashi, ya ce wa nasa ɗan: ka nemi wuri tun da sauran lokaci.

Asalin neman aiki halas ne, kuma tanadi ga gobe ba ya warware tawakkali. Alƙur'ani mai girma ya ba mu labarin Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, wanda ya nemi sarkin Masar ya ɗora shi a kan taskokin ƙasa. Amma mu lura da hujjar da ya kafa: ya ambaci cewa shi mai tsare amana ne kuma masani. A Suratul Ƙasas kuma, ɗiyar dattijon Madyana ta ba mahaifinta shawarar ɗaukar Annabi Musa aiki saboda ƙarfinsa da amanarsa. Daga nan malamai suka fahimci cewa mutum yana iya gabatar da kansa ga aiki idan ya san yana da iyawa da gaskiya. Akasin haka shi ne abin da ya faru da Abu Zarri, Allah ya yarda da shi, lokacin da ya nemi a ba shi muƙami: Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nuna masa cewa yana da rauni a kan wannan, kuma abin amana ne da zai zama nadama ranar ƙiyama ga wanda bai ba shi haƙƙinsa ba. Abu Zarri sahabi ne mai tsoron Allah ƙwarai, amma tsoron Allah bai tsaya a madadin iyawa ba.

Aikin jinya kuwa yana da wani abu da ya raba shi da sauran sana'o'i. Idan tela ya ɗauki yaro aiki, yaron ya ɓata yadi, ana iya biyan kuɗin yadi. A asibiti, mutum biyu ne suke ciniki, mai ɗauka da mai nema, amma wanda zai ɗauki sakamakon cinikin mutum ne na uku, yana kwance, ba a shawarce shi ba. Tsohuwar da aka kawo a amalanke daga ƙauye ba ta san bambancin ɗalibin shekarar farko da wanda ya shekara ashirin yana aiki ba. Farar riga ta gani, sai ta miƙa hannun jikanta. Wannan miƙa hannu shi ne amanar da muke magana a kai. Iyayenmu sun ga yaran da allurar kinin ta bari da gurguwar ƙafa, domin an soka ta a gindi ba a wurin da ya dace ba, ta taɓa babbar jijiyar da take sauka zuwa ƙafa. Maganin yaro kuma da nauyin jikinsa ake lissafa shi. Wanda bai ƙware a lissafin ba yana iya ba shi abin da zai halaka shi yana ganin taimako ya yi.

Saboda haka ne shari'a ta tsananta. Abu Dawuda da Nasa'i da Ibnu Maja sun ruwaito hadisi wanda ma'anarsa ita ce duk wanda ya shiga yi wa mutane magani alhali ba a san shi da sanin magani ba, to shi ne da alhakin ɓarnar da ta auku. Ibnu Rushdi, malamin Malikiyya na Andalus, ya bayyana cewa hukuncin masanin da ya yi kuskure daban ne da na jahilin da ya kutsa kai, domin na biyun, ban da diyya, ya cancanci horon hukuma. A shekara ta 319 bayan Hijira, daidai da 931, wani majinyaci ya rasu a Bagadaza saboda kuskuren mai magani, sai Halifa Muƙtadir ya ba da umarni a hana kowa aikin magani sai Sinan ɗan Sabit ya jarraba shi. Ashe takardar shaidar da ake nema a yau tana da asali a tarihinmu, kuma kiyaye ta kiyaye rayuka ne.

To, mene ne ya halatta ga ɗalibi? Ƙofa mafi tsabta tana gabansa, ita ce lokacin koyon aiki da makaranta take tura shi asibiti, wanda ake kira sitaj. A nan ake sanin wanda yake zuwa kan lokaci, wanda ba ya ƙyamar wanke ciwo, wanda yake rubuta zafin jikin da ya auna da gaske, ba wanda ya ƙaga ba. Musamman a ƙarshen damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro yake cika ɗakunan yara, shugaban masu jinya ba ya manta ɗalibin da ya tsaya tare da shi. Idan ɗalibi ya gaya masa cewa yana son a tuna da shi bayan ya gama, ko ya ajiye takardunsa yana mai faɗin gaskiyar ajin da yake, babu laifi. Haka nan idan ya sami aikin da bai wuce saninsa ba, kamar auna nauyi, da rajistar marasa lafiya, da taimaka wa ƙwararre a gaban idonsa, ya karɓi ladansa, halas ne, muddin aikin bai cinye karatunsa ba. Wanda yake kwana gadi a kilinik, ya zo aji yana gyangyaɗi, darasin da ya wuce shi yau wani majinyaci ne zai biya shi gobe.

Abin da bai halatta ba shi ne ya yi shiru a ɗauke shi a matsayin wanda ya gama, ko ya yarda a bar masa ɗaki shi kaɗai da dare, ko ya koma unguwa yana yi wa mutane allura da ƙarin ruwa a gida don kuɗi. Kalmar "ban kai nan ba tukuna, bari in kira babba" tana da nauyi a harshen saurayi, amma ita ce take raba mai amana da mai ganganci.

Haka nan sayen gurbi da cin hanci haramun ne, kuma Manzon Allah ya la'anci mai bayarwa da mai karɓa. Sa baki ga wanda ya cancanta alheri ne da ake samun lada a kansa. Amma idan sa bakin ya ture wanda ya fi iyawa domin a zaunar da ɗan gida, an zalunci mutum biyu: wanda aka ture, da majinyacin da aka hana hannu mafi ƙwarewa. Muna kuma jan kunnen duk wanda yake da iko a kan gurbi, yake neman ƴa mace ta biya shi da mutuncinta. Iyaye su san inda ƴaƴansu mata suke zuwa neman aiki, da wanda suke gani. Aikin jinya ga mace abin daraja ne tun zamanin Rufaida Al'aslamiyya, wadda aka kai Sa'adu ɗan Mu'azu tantinta a masallacin Madina bayan yaƙin Handaƙ a shekara ta 5 bayan Hijira, kuma matanmu suna bukatar mata ƴan'uwansu a ɗakin haihuwa. Bai kamata wannan ƙofa ta zama tarko ba.

Ku kuma masu kilinik, ku ji tsoron Allah. Ɗaukar ɗalibi don arharsa, a ɗora masa aikin ƙwararre, a karɓi cikakken kuɗi daga majinyaci, algus ne, kuma alhakin abin da ya auku ba zai tsaya a kan ɗalibin kaɗai ba. Wanda ya yi muku aiki kuma ku biya shi haƙƙinsa, kada ku riƙe shi shekara da shekaru da alkawarin gobe.

Ku iyaye, ku sassauta matsi. Arziki yana hannun Allah, kuma abin da aka rubuta wa ɗanku ba zai wuce shi ba don ya jira ƴan watanni ya kammala. Ku tambaye shi abin da ya koya kafin ku tambaye shi abin da ya samo.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sanya albarka a karatun ƴaƴanmu, ya hore musu aiki na halas, ya tsare hannayensu daga jinin bayinsa. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.